Farantin da Tankaɗe Ya Ɓoye

A unguwarsu babu wanda ya san shi da wani suna sai Tankaɗe. Ko matarsa, in ranta ya ɓaci, da shi take kiransa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana tankaɗe yashi a wata ma'aikata da ke gwada injinan jiragen sama, kuma in aka tambaye shi aikinsa sai ya ce, "Abin da mata ke yi wa gari shi nake yi wa yashi, sai dai nawa ba ya ciyuwa." Mutum ne siriri, mai ɗan doro, mai tarin safe wanda yashin ya bar masa a ƙirji. Amma abin da baƙo ke fara lura da shi hannayensa ne. Fari fat a tafi, farce a yanke ƙwal, fatar ta tsattsage saboda sabulu. Kafin ya taɓa cokali sai ya wanke hannu, bayan ya ajiye cokali sai ya wanke. Matarsa takan ce da a ce sabulu na da baki, da tuni ya kai ƙararsa.

Yana ɗan shekara ashirin da biyu ya shiga ma'aikatar, da tsintsiya. Wani tsoho mai kula da tanda, wanda ake kira Baba Gishiri, ya ga yadda yake share lungu ba tare da ya tayar da ƙura ba, ya ce a ba shi shi.

Aikin ba shi da wuyar fahimta. Jirgi mai saukar ungulu yakan sauka inda babu kwalta, ya tayar da ƙasa, injinsa ya shaƙa. Cikin injin kuwa wuta ce zalla, da wasu ƙananan fukafukai na ƙarfe masu 'yan ramuka kamar na allura, waɗanda iska ke bi tana sanyaya su. In abin da aka shaƙa ya wuce ya fita, lafiya. In ya narke ya manne ya toshe ramukan, inji ya shaƙe ke nan, a sama. Don haka ma'aikatar take sayen wani farin yashi na musamman, a buhu a rufe, iri ɗaya da wanda ake gwaji da shi ko'ina. Tankaɗe zai tankaɗe shi, ya auna, ya baza a kan 'yan farantai masu girman kwalin ashana, waɗanda aka yanko daga irin ƙarfen fukafukan. Sai a sa a tanda. Awa huɗu tanda take yi kafin ta hau digiri dubu da ɗari, zafin cikin injin ke nan. In faranti ya huce, sai a karkata shi a hura. Yashi ya zube, ƙarfe ya fito fes, a rubuta a littafin aiki: bai manne ba.

Baba Gishiri yana da doka guda, kuma daga gare ta ya samu sunansa. Yakan ce, "Yashin nan ba ya narkewa a wannan zafin, ko za ka kwana kana hura wuta. In ka ga ya manne, hannunka ne. Gumi gishiri ne, gishiri kuwa shi ke narkar da yashi." Kuma ba ƙarya ya yi ba, ɗan yatsa mai zufa yakan ɓata faranti. Abin da ya ɓata lamarin shi ne al'adar da aka gina a kan dokar. Duk farantin da ya manne, sai a rataye shi da ƙusa a bango, saman famfon wanke hannu, a rubuta sunan mai shi a ƙasa. Ɗaya gargaɗi ne, biyu jan kunne, na uku kuwa mutum ya tattara kayansa. Kowa in ya zo wanke hannu sai ya ɗaga kai ya karanta. A shekarunsa na farko Tankaɗe ya samu biyu a bangon, kuma kullum da su yake fara gaisawa.

A shekararsa ta tara Baba Gishiri ya yi ritaya, tanda ta dawo hannunsa. A shekarar ce kuma matarsa ta haihu. Sun binne biyu kafin wannan, duk ba su kai wata ba. Wannan ma ta zo 'yar mitsitsiya, aka riƙe ta a asibiti da katin jinyar da ma'aikatar ta ba shi. Tana da kwana uku a duniya wani matashin injiniya ya shigo ɗakin tanda da 'yar kwalba irin ta maganin tari, cike da toka.

Ba tokar murhu ba ce. Akwai wani dutse mai aman wuta, tafiyar rabin yini a mota daga garin, wanda ya daɗe yana barci, har mutane suka yi gonaki a jikinsa. Hukumar agaji za ta sayi jirage masu irin wannan injin, tana son takarda a kan ko tokar dutsen za ta cuce su. Wani matuƙi ne ya kankaro ta daga wani kwari ya aiko.

Injiniya ya ce, "Ita ke nan, babu ƙari. Raba ta uku ka gasa kamar yashi. Gobe da safe nake son farantan."

Ranar ana zafi, kuma a ɗakin tanda ba a kunna fanka don kada ta watsa abin da aka auna. Tankaɗe kwana uku bai yi barcin kirki ba. Safar hannunsa ta dama ta yage a babban yatsa, mai ajiyar kaya ya tafi cin abinci da makulli, shi kuwa yana sauri ya gama ya wuce asibiti. Ya ce a ransa sau ɗaya dai ba komai. Ya baza toka, ya rufe tanda.

Da ya buɗe da la'asar, sai ya leƙa ciki. Babu toka a farantan. Wani baƙin abu ne wuluk, mai sheƙi kamar fasasshiyar kwalba, ya kwanta ya riƙe ƙarfen gam. Ya karkata, ya hura, ya sa farce, ya sa wuƙa. Ko gezau. Duka ukun.

Da wani ne daga waje, wanda bai taɓa wanke hannu a ƙarƙashin bangon nan ba, da cewa zai yi, "Ashe tokar nan narkewa take yi!" ya ruga ya kira Injiniya. Amma shekara tara ana zuba wa Tankaɗe magana ɗaya a kunne, har ta zama ita ce idonsa. Bai ga toka ta narke ba. Yagaggiyar safa ya gani, da ƙusa ta uku, da katin asibiti ana karɓewa daga hannun matarsa. Ya zuba farantan a aljihu. Ya ɗauko sababbi uku, ya baza musu farin yashin da ya saba, ya sake kunna tanda. Da safe ya miƙa wa Injiniya farantai uku fes, ya rubuta a littafi abin da hannunsa ya saba rubutawa. Injiniya ya ɗaga su a haske, ya yi murmushi, ya sa hannu. Tankaɗe ya sa nasa a ƙasa.

Biyu daga cikin farantan ya jefa a kwata a hanyar gida. Na ukun ya maƙale a ɗinkin aljihu, sai a ɗaki ya gan shi. Ya kasa komawa ya jefar. Ya sa shi a tsohon gwangwanin man takalmi, ya ɗora a kan kanta. Da matarsa ta dawo da jaririya ta buɗe ta gani, ta ɗauka abin tunawa ne da makon haihuwa, irin shirmen maza. Ta raɗa masa suna ƙanin yarinyar, kuma duk ranar share-share sai ta goge gwangwanin ta mayar.

Yarinya ta rayu. Daga ita ba su sake samu ba. Tun tana ƙarama take ɗaure wa kyanwa ƙafa da tsumma, uban ya riƙa kiranta Likita, sunan ya bi ta, ko da yake da ta girma nas ta zama. Sau ɗaya tak ya taɓa dukanta, ranar da ya same ta tana wasa da baƙin farantin a tsakar ɗaki. Ya make mata hannu, ta yi kuka, shi ma ya fita bayan gida ya daɗe bai dawo ba.

Tun daga ranar tokar, faranti bai sake mannewa a hannunsa ba. Shekara ashirin da biyar cur. Sababbin ma'aikata akan kawo su su kalli yadda yake sa safa. Daga baya ma aka daina al'adar bango, aka cire ƙusoshi, aka shafa fenti. Ranar ritayarsa aka ba shi agogon bango, an zana a jikinsa: Hannu Mai Tsabta. Matarsa ta rataye shi a falo inda duk baƙo zai gani.

Kada a yi masa ƙarya a ce bai sani ba. A ɗakin shan shayi yakan ji injiniyoyi suna hira, cewa toka ba yashi ba ce. Yashi dutse ne da ya nuna a hankali, shi ya sa yake da taurin kai a wuta. Toka kuwa gilashi ce da dutse ya riga ya narkar sau ɗaya ya fesar, ba ta buƙatar lallashi kafin ta sake narkewa. Don haka manyan jirage ke gudunta. Sai wani ya ce, "Amma fa kowane dutse da irin tokarsa. Ta wancan dutsen tana da tauri, ƙananan injina ba sa narkar da ita. A nan muka gwada." In hira ta kai nan, Tankaɗe yakan ajiye kofinsa ya ce ya bar tanda a kunne. Labari biyu ke zaune a zuciyarsa, na gumi da na toka, kuma kowace safiya na gumin yake zaɓa, domin shi ne wanda ba ya kashe kowa. Dutse kuma yana barcinsa, to wa zai tambaya?

Likita tana da shekara ashirin da biyar ta samu aiki a hukumar agaji, cikin masu shiga jirgi su ɗauko majinyata. Uban ya yi ta kawo dalilai, wai jiri, wai hayaniya tana kashe kunne. Ta yi dariya ta ce, "Baba, ai injin da ka gwada ne. In ban yarda da hannunka ba, da na wa zan yarda?"

Shekara biyu bayan ritayarsa, ranar wata Alhamis, dutsen ya farka. Hanya ta yanke, mutum fiye da ɗari uku suka maƙale a ƙauyukan da ke jikinsa. Ranar Juma'a da yamma Likita ta dawo gida, ta zauna cin abinci tana magana da baki cike, kamar yadda uwarta ta hana ta tun tana yarinya.

Ta ce, "Jibi za mu fara shiga. Manyan jirage duk an tsayar da su, mu kaɗai aka bari. Kun san dalili? Wata tsohuwar takarda aka ciro, ta ce tokar nan ba ta narkewa a injinmu. Kyaftin, matuƙin jirginmu, ya nuna min. Baba, har da sa hannunka a ƙasa! Na ce musu wannan babana ne."

Uwar ta ce, "To ka ji. Yau dai sabulun da ka ƙarar mana ya yi rana."

Tankaɗe ya yi murmushin da bai kai ido ba. Gwangwanin yana kan kanta, taku huɗu daga inda yake zaune. Ya tashi, ya wuce shi, ya je famfo.

Ranar Asabar ya wayi gari yana riƙe da ƙirji. Ya ƙara wa tarinsa ƙarfi, ya ce numfashi na gagararsa, ba zai so a bar shi ba kowa a kwanakin nan. Likita ta ɗauko jakarta, ta saurari ƙirjin gaba da baya, ta auna jini, ta maƙala masa abin gwaji a yatsa. Sannan ta zauna a bakin gado tana kallonsa.

"Malam Tankaɗe, ƙirjin nan yadda na bar shi watan jiya haka yake. Tsoro kake ji."

"Ki ce musu babanki ba lafiya. Akwai wasu nas ɗin."

"Akwai. Su ma suna da iyaye." Ta dafa hannunsa. "Baba, akwai mata masu ciki a can. Ka yi min addu'a kawai."

A nan ne ya kamata ya faɗa. Bakinsa ya buɗe ma. Amma ta riƙe hannun tana shafa tsattsagewar sabulu da babban yatsanta, yadda take yi tun tana ƙarama, sai ya ji ba zai iya kallon fuskar nan tana canjawa ba. Ya ce Allah ya tsare. Abin takaici ne, kuma shi kansa ya san abin takaici ne.

Lahadi ta tafi da sassafe, ta dawo kafin magariba, toka a gashin ido, toka a kunne, ta gaji liƙis amma tana fara'a. Sawu huɗu suka yi, sun kwaso mutum talatin da wani abu. Zuciyar Tankaɗe ta yi sanyi. Ya ce a ransa, ka gani, gumi ne, tun farko gumi ne. Har ya ƙara abinci.

Tana kwance takalmi a bakin ƙofa ta ce, "Sai dai Kyaftin yana ta mita, wai a sawun ƙarshe injin ya ɗan fi zafi, kuma ba ya ja kamar da safe. Makanikai sun wanke matatar iska, sun ce ba komai."

Cokali ya tsaya a hannunsa. Ya san wannan. Ba a rana ɗaya ramuka ke toshewa ba, kaɗan-kaɗan abin ke taruwa, kuma a can ciki yake, inda mai wanke matata ba ya gani. Ta shige wanka. Ya ɗauki takalmanta ya fita tsakar gida, ya shimfiɗa takarda mai tsabta, ya sa safar roba daga jakarta, ya karkaɗe tokar da burushi har ta taru kamar cokali biyu. Ya naɗe. Sannan ya goge takalman ya shafa musu mai.

Da safe ta gan su suna ƙyalli ta ce, "Kai, Baba! Ai sai su ɗauka biki za ni." Ta fita tana dariya.

Ƙarar babur ɗinta na ɓacewa ya ɗauki gwangwanin da ƙunshin toka ya sa a aljihu. Matarsa ta tambaye shi ina zai kai ƙanin Likita da sassafe. Ya ce zai dawo.

Maigadin ma'aikata sabo ne, bai san shi ba. Babu kati, babu shiga. Tankaɗe ya tsaya a rana kusan awa guda kafin a yi waya sama a ce a bar shi. Matashin injiniyan nan yanzu shi ne Darakta, ya yi tumbi, kansa ya yi furfura. Ya taso da hannu biyu yana cewa, "Hannu mai tsabta! Yau wace rana?"

Tankaɗe bai karɓi hannun ba. Ya buɗe gwangwani a kan tebur.

"Yallaɓai, tokar da ka kawo min a kwalba. Wannan ce. Farantan da na ba ka, yashi na gasa a kansu."

Darakta ya ɗauki farantin, ya juya shi, ya kankara da farce. Ya koma ya zauna a hankali.

"Ka san abin da kake faɗa? Sa hannuna ke kan takardar nan."

"Nawa yana ƙasan naka."

"Duka ukun suka yi haka?"

"Duka. Amma safata ta yage ranar. Wataƙila gumina ne. Shekara ashirin da bakwai ina cewa wataƙila."

Darakta ba mugu ba ne. Nan take ya kira sansanin agaji, aka ce masa jirgi yana sama, alluran ma'aunan injin duk suna inda ya kamata, kuma har yanzu akwai mutum fiye da ɗari biyu a jikin dutse, wuta na gangarowa. Ya ajiye waya ya dafe kai.

"Ba zan iya cewa a bar mutane su ƙone saboda farantin da kai da kanka ka ce wataƙila gumi ne ba. Sai na gani da idona. Da akwai toka..."

Tankaɗe ya ajiye ƙunshin takarda. "Daga takalmin 'yata. Ban taɓa ta da hannu ba." Ya matso kusa da tebur. "Yallaɓai, ka ce su sauke ta kawai kafin a gama. Ita kaɗai gare mu."

Darakta ya kalle shi. "Sauran da ke ciki fa, 'ya'yan wa ne?"

Suka sauka ɗakin tanda.

An sake fenti, an sa sababbin fitilu, amma tandar ita ce dai, da 'yar tagarta ta gilashi. Masu aikin suka ja gefe. Tankaɗe ya wanke hannu sau uku, ya sa safa biyu a kowane hannu, ya duba su a haske. Ya wanke farantai, ya ɗauke su da awartaki. Ya baza toka a biyu, ya baza farin yashi a na uku. Ƙarfe goma daidai ya rufe ƙofa.

Ba a yi wa tanda gaggawa. In ka tura ta, bulonta ya tsage. Ya yi shekara talatin da huɗu yana jiran awa huɗun nan, yana shan shayi, yana gyangyaɗi, bai taɓa sanin tsawonsu ba sai ranar. Ya ja kujera gaban taga. Digiri ɗari huɗu. Ɗari bakwai. Darakta yana fita yana dawowa da waya a kunne. Ciki ya yi ja, sannan ya koma ruwan lemo. A ransa Tankaɗe yana roƙon abu ɗaya, wanda babu mai tanda da ya taɓa roƙo: Allah ya sa shi ƙazami ne. Allah ya sa hannunsa ne.

Ƙarfe ɗaya da rabi, allurar ma'aunin zafi ta ɗan haura dubu, saura kusan ɗari ta kai zafin inji. Yashi yana nan yadda aka zuba shi. Tokar kuwa sai ta fara zama, gefenta ya lanƙwashe, ta yi laushi kamar kitse a kasko, ta ɗauki sheƙi.

Darakta ya leƙa ta kafaɗarsa. Sannan ya ce, ba da faɗa ba, kamar mai magana da kansa, "Da ka kawo min wannan a lokacin, babu mai rataye shi a bango. Shi ne abin da aka aiko mu nema."

Ya danna waya. Layin sansani a cike. Ya sake dannawa, a cike. Yana shirin na uku wayar ta yi ƙara a hannunsa. Ya saurara, ya juya wa Tankaɗe baya, kuma daga yadda kafaɗunsa suka sauka tsohon ya gane.

Ƙarfe ɗaya da minti goma injin ya mutu, a sawu na uku, suna tasowa daga wani kwari. Mutum tara ne a ciki. Biyu suka rayu, wata mata da jaririnta, waɗanda nas ta ɗaure da bel ɗin kujerarta. Likita ba ta cikin biyun.

Da aka kawo injin ma'aikata aka buɗe, baƙin gilashi ya lulluɓe fukafukan, ramukan duk sun toshe, iri ɗaya sak da abin da ke cikin gwangwani. Masu bincike suka kira Tankaɗe, ya faɗi komai tun daga yagaggiyar safa. Suka rubuta, suka janye takardar, suka mayar masa da farantinsa. Babu wanda ya ɗaure shi. Ya so a ce sun ɗaure.

Matarsa ba ta san komai ba sai da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Wata safiya ya same ta a falo, ƙarƙashin agogo, tana ninke kayan aikin Likita. Ya ajiye gwangwanin a gabanta a buɗe, ya faɗa mata. Ba ta yi kuka ba, kukan ya riga ya ƙare. Ta saurara har ƙarshe, hannunta a kan rigar.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun tana da kwana uku."

Ta kalli abin da ta yi shekara ashirin da bakwai tana gogewa.

"Ranar Asabar, da ka ce ƙirjinka. Ƙarya ce?"

"Ƙarya ce."

"Ka iya yi mata ƙarya don ta zauna," in ji ta, "amma ka kasa faɗa mata gaskiya."

Ta tashi ta sauke agogon daga bango, ta kife shi a bayan kujera. Ƙusar ta bar ta a wurin.

Har yanzu suna gidan. Ba ta tafi ba, ba ta ɗaga masa murya ba, tana dafa masa abinci a kan lokaci, tana tuna masa maganin tari. Maƙwabta suna cewa Tankaɗe ya tsufa a wata guda, kuma in ka wuce ƙofarsu da hantsi za ka ji famfo yana zuba. Gwangwanin bai koma kan kanta ba. Ta ajiye shi a buɗe a kan teburin da yake cin abinci, kuma kullum in ta kawo kwanonsa, kusa da shi take ajiyewa.